Auren Maki

Da Florent ya nemi shawarata kafin ya buɗe baki, da ban bari ya yi wannan ɓarnar ba. Amma mu malamai ba ma neman shawara, mun saba mu ne masu ba da ita. Shi ya sa ya zo gidan ƙanena ranar Lahadi da riga mai guga da furanni a hannu, ya zauna ya rusa da bakinsa abin da ya daɗe yana ginawa.

Ƙanen nawa shi ne Firmin Chazal, magajin garinmu na Pradelac, ƙauyen da shanunsa suka fi mutanensa yawa. 'Yarsa ɗaya a duniya, Armelle. Tun da mahaifiyarta ta rasu ita ce hannun damansa: ita ke tatsa tare da shi, ita ke dama madara, ita ke ƙwanƙwasa cuku ta gane ko ya nuna.

Florent Delmas kuwa ɗan ƙauyen da ke bayan dutsenmu ne, malamin firamare. Ranar da ya gama karatu gwamnati ta jefa shi wata unguwa a bayan Paris, kamar yadda take jefa sababbin malamai, kuma dawowa gida sai da maki. Kowace shekara ka tara ɗan kaɗan, ka nemi a mayar da kai gida, a ce maka bana ba ka kai ba. Amma in kana da matar da take aiki a gida, sai a zuba maka maki mai yawa lokaci ɗaya, muddin an ɗaura auren kafin Agusta ya fita.

Wannan kowane malami ya san shi kamar yunwar cikinsa. Abin da ba kowane malami ya sani ba shi ne ba a faɗar sa a gaban uban yarinya.

Ranar ba mu kaɗai ba ne a teburin. Firmin ya gayyato Gaspard Vialatte, ɗan wani babban lauya a birnin Aurillac, shi ne kuma ke riƙe da yaƙin neman zaɓen Carbonnel, ɗan takarar shugaban ƙasa, a yankinmu. Tun cikin sanyi ya fara zuwa neman sa hannun Firmin, tunda ba mai tsayawa takarar shugaban ƙasa sai ya tara sa hannun magadan gari. Ya samu abin da ya zo nema, amma ƙafarsa ba ta ɗauke ba. Ni dai na san ba cukun ƙanena ne ya yi masa daɗi haka ba.

Kafin a gama dankali da cuku an shiga maganar zaɓe, kuma a bana in an shiga maganar zaɓe an shiga maganar malamai. Gaspard ya zayyana mana alkawarin ubangidansa: ƙarin albashi ga duk malamin da ya yarda ya ƙara awoyin aiki, a soke tsarin maki, kowane shugaban makaranta ya ɗauki malaman da yake so. Ya ce abokiyar hamayyarsu, Madam Aubrun, ta yi wa kowa alkawarin ƙari amma ta ƙi faɗar aljihun da za ta zaro kuɗin. A nan bai yi ƙarya ba.

Florent ya amsa cikin ladabi cewa shi bai san inda zai samo awoyin da zai ƙara ba, sai dai in za a ƙara wa yini tsawo. Gaspard ya yi murmushi ya ce ai akwai dogon hutu, wanda sauran ma'aikata ke jin labarinsa kawai.

Na ajiye cokali zan shiga, sai Firmin ya riga ni.

"Kai Malam, bar wahalar da bakinka," ya ce. "In ana son ganin ƙarshen aikin koyarwa, ga Yaya Noélie nan a zaune. Ta koyar da rabin mutanen garin nan, har da ni da nake ƙaninta. Ka tambaye ta wa yake kai mata itace in sanyi ya shigo."

Ni ce Noélie ɗin. Gaskiya ya faɗa, kuma ba abin da ya kai gaskiyar ɗan'uwa zafi a gaban baƙi. Na ce masa da na san itacen nan da wa'azi yake zuwa, da na zauna da sanyina. Aka yi dariya, amma abin ya tsaya mini a rai.

Ina tsammanin wannan gorin ne ya tunzura Florent. Ya miƙe tsaye, fuskarsa ta yi ja har kunne, ya ce shi ba muhawara ta kawo shi ba, auren Armelle ya zo nema. Farkon maganarsa ta yi kyau, in ba ku labari. Ya ce a birnin can in ya rufe ido ba dutsen garinsu yake gani ba, ita yake gani da hular aikinta. Armelle ta sunkuyar da kai. Har Firmin na ga fuskarsa ta ɗan saki.

Sai Firmin ya tambaye shi yaushe yake son a yi.

"Kafin ƙarshen Agusta, Yallaɓai."

Firmin ya ce Agusta lokacin aiki ne, shanu na kan dutse, ciyawa na jiran ɗauka, gaggawar ta mece ce? Amsar da ake so a nan kowane saurayi ya san ta: ba zan iya jira ba. Amma Florent malami ne, an yi masa tambaya, dole ya ba da cikakkiyar amsa. Ya fara bayanin maki. Ya faɗi wanda yake da shi, da wanda ake buƙata, da wanda aure zai ƙara masa, har yana nuni da yatsu kamar yana gaban allo. Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin teburi, ya janye ƙafar ya ce in yi haƙuri, ya ci gaba.

Da ya gama, Gaspard ya juya kofinsa a hankali, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, kamar da kansa yake:

"Ashe auren maki ne."

Magana zarar bunu ce. Na ga lokacin da ta shiga kunnen Firmin, na kuma ga lokacin da ta shiga zuciyar Armelle, kuma na biyun ya fi tayar mini da hankali.

Firmin bai ɗaga murya ba. Ya ce shi bai haifi 'ya don ta zama wa wani tikitin jirgin dawowa gida ba. Ya ce in da gaske Malam yake, to zai ɗaura musu aure da kansa, a zauren gari, da ɗamarar nan tasa ta magajin gari mai launi uku, ranar Asabar ta farko a Satumba. Ko kwana ɗaya ba zai matso da ita ba.

Florent ya koma ya zauna. Satumba na nufin makin ya wuce shi, sai wata shekarar, kuma ba wanda ya san abin da sabuwar gwamnati za ta yi kafin nan.

Doka ba ta ce sai uba ya yarda ba, Armelle ta daɗe da mallakar hankalin kanta. Akwai mataimakin magajin gari, akwai kuma yarjejeniyar zama tare da ake ƙullawa a ofishin lauya, makinta ɗaya da na aure. Amma duk yarinyar da ta yi aure a Pradelac tun Armelle tana goye, Firmin ne ya ɗaura, shi ne ya yi mata jawabi har uwarta ta yi kuka. Tun tana ƙarama take zama a kujerar baya tana kallo, tana jiran nata. Ba za ta karɓi na mataimaki ba.

*

A ƙauye irin namu magana ba ta kwana a gidan da aka yi ta. Ban ce Gaspard ne ya fitar ba, don ban gani ba. Na dai san kafin mako ya zagayo, in Armelle ta shiga shagon burodi sai hira ta tsaya. Wata ta tambaye ta, wai cikin wasa, ko makin nata ya kai na wata malamar da aka ce ta ƙulla yarjejeniya da mutumin da ko lambar wayarsa ba ta da ita. Irin wannan yana faruwa, kowa ya sani, shi ya sa wasan ya yi ciwo.

Gaspard kuwa ya ga faɗuwa ta zo daidai da zama. Yana gama manna hotunan ubangidansa a allunan bakin makaranta sai ya zarce ɗakin cuku, da takalminsa mai tsada a cikin ruwan tsami. Ba zan zalunce shi ba, son ta yake yi da gaske, tun suna makarantar kwana a Aurillac. Bai zagi Florent ba. Cewa ya yi ta yi haƙuri ta jira zaɓe: in Carbonnel ya ci za a soke maki, a lokacin ne za ta gane ko Malam zai ci gaba da gaggawa. Ya ce shi ba abin da aurenta zai ƙara masa sai ita kanta, kuma ba zai taɓa raba ta da mahaifinta ba.

Wannan ta ƙarshen ita ce ta sa Firmin yake ajiye masa cuku mafi kyau. A teburi kullum sai ya sako sunansa, yaron kirki, yaro mai makoma. Armelle ba ta musu. Ta dai rame, ta daina waƙa in tana wanke tukwanen madara, kuma in wayarta ta yi ƙara sai ta kifa ta.

Wata yamma ta zo gidana ta zauna a bakin murhu ba ta cire rigar sanyinta ba.

"Gwaggo, ke malama ce, kin san halinsu. Ki gaya mini tsakaninki da Allah, ni yake so ko gida yake so?"

Na ce mata wanda ya yi niyyar yaudara ba ya tsayawa ya yi wa uban yarinya lissafi da yatsu. Ta ce ta san wannan, ta faɗa wa kanta sau da yawa, amma duk da haka in ta kwanta sai ta ji muryar Gaspard. Na rungume ta. Na tsani wannan kalmar, na tsani ma'aikatar da ta mai da soyayyar yara abin awo, na kuma ji haushin ƙanena har cikin raina.

*

Aka yi zagayen farko na zaɓe, Carbonnel da Madam Aubrun suka fito. Hutun makaranta ya faɗo tsakanin zagaye biyun, Florent ya dawo. Gidan Firmin ba ya shiguwa gare shi, sai suka haɗu a ɗakin girkina da rana tsaka. Na ce zan ba su wuri, amma gidan malama mai ritaya ba shi da wani wurin, sai na juya musu baya ina feraye dankali.

Ya fara da ban haƙuri, ta tare shi.

"Tambaya ɗaya zan yi maka, Florent, kuma kada ka yi mini daɗin baki. Da babu maki a cikin aure, da ka nemi aurena bana?"

Na roƙi Allah a zuciyata ya ba yaron nan ikon yin ƙarya sau ɗaya a rayuwarsa.

"A'a," ya ce. "Da ban nema ba."

Kukan da ta daɗe tana riƙewa ya ƙwace mata. Ta miƙe za ta fita, ya tsaya a bakin ƙofa, bai taɓa ta ba.

"Ki bari in ƙarasa, in kin ga dama sai ki wuce. Kin ga ɗakin da nake kwana. Mu uku ne a gidan, dukkanmu malamai, kowa da ɓangarensa a firji. Kafin wata ya kai ƙarshe ina lissafin ko zan iya hawa jirgi in zo in gan ki. Da wane ido zan ce ki aure ni? In kai ki ina? Na so ki tun kafin in san yadda ake neman maki, amma na yi shiru, don ba ni da abin da zan ajiye a gaban mahaifinki. Gaspard yana da gida, yana da mota, yana da sunan ubansa. Ni abu ɗaya na samu, hanyar da zan dawo in zauna kusa da ke ba tare da na raba ki da shanunki ba. Shi na ɗauko na kawo, ina murna, kamar yaron da ya ci jarrabawa. Ban san abin kunya na ɗauko ba."

"Ka san me suke kira na a shagon burodi?"

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Kai ka hau jirgi ka tafi, ni ce nake sayen burodi a nan kowace safiya."

Ya ce ya yi tunani, ya sami mafita. Zai ajiye aikin. Abokansa biyu sun ajiye bara, ɗaya yana sayar da gidaje, ɗaya yana tuƙa motar kaya, kuma duk sun fi shi samu. Zai dawo ya koyi tatsa, in Firmin zai ɗauke shi ko a matsayin ɗan ƙwadago ne. In babu aikin koyarwa babu maki, ba mai sake cewa komai.

Wuƙar ta tsaya a hannuna. Na san abin da wannan maganar ta ci masa, don ni ma na taɓa tsayawa gaban aji na ji duniya ta yi mini daidai.

Armelle ta share hawaye da bayan hannu ta dube shi. Ta tuna masa ranar da ta ziyarce shi ta zauna a bayan ajinsa, yadda ya durƙusa gaban wata yarinyar da ba ta iya haɗa baƙi ba, bai tashi ba sai da ta karanta layi guda, ya fi ta murna.

"Wannan mutumin nake so," ta ce. "In ka ajiye shi a can ka dawo mini da ɗan ƙwadago, wa zan aura? Kuma shekara biyu ba za ta cika ba za ka fara kallona kana tuna abin da na ci maka."

"To ya kike so in yi, Armelle? In na yi gaggawa an ce maki, in na jira mu tsufa a jirgin ƙasa, in na ajiye kin ce a'a. Ki faɗa mini, ko me kika ce zan yi."

Armelle ta tambaye shi:

"Matar da take zaune tare da kai a can, tana aiki a can, maki nawa take kawowa?"

"Ko ɗaya. Ai sai an rabu ake..."

Bai ƙarasa ba. Ni ma na juyo. Ta ce akwai wani shagon cuku a Paris da yake sayen kayansu, mai shagon ta sha ce mata in tana son aiki ƙofa a buɗe take. Florent ya ce sam bai yarda ba, birnin zai shaƙe ta, mahaifinta ba zai iya aikin shi kaɗai ba. Ta ce ai yanzu ya ce ko me ta ce zai yi.

Washegari da safe na tafi wurin Firmin, na same shi a garke. Na ce masa makin nan da ya raina shi ne igiyar da za ta jawo yaron gida ta kuma bar masa 'yarsa, in ya tsinka ta ba yaron kaɗai zai rasa ba. Ya ce barazana ce irin ta 'yan mata, wadda aka haifa a cikin shanu ba ta iya kwana uku a Paris. Ya ce in tafi in ji da dankalina, auren 'yarsa ba aji ba ne da zan tsara masa. Na ce to, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Armelle da kanta ta faɗa masa a teburi cewa za ta tafi Paris, sau biyu. Ya ce ta miƙo masa gishiri.

*

Ranar zagaye na biyu, kamar kullum, a ajin da na koyar aka ajiye akwatin zaɓe, aka tura kujerun yara jikin bango. Firmin ne shugaban rumfa, yana tsaye bayan akwatin gilashi da hannunsa a kan marfin. Ni ina gefe wurin sa hannu. Gaspard yana zaune a kusurwa a matsayin wakilin ɗan takararsa.

Aikin Firmin bai da wuya. Mutum ya fito daga bayan labule da ambulan, a kira sunansa, Firmin ya buɗe bakin akwatin, ambulan ya faɗa, shi kuma ya ce da ƙarfi, ya jefa, ko ta jefa. Yana son wannan aikin. Yakan faɗe ta kamar shi ya ƙirƙiro zaɓe.

Bayan an fito daga coci layi ya yi tsawo, rabin gari yana ciki. A lokacin ne Armelle ta shigo, da rigar tafiya, tana jan akwatin kayanta. Ta ajiye shi a bakin ƙofa, ƙarƙashin ƙugiyoyin da yara ke rataye rigunansu. Ta taga ina hango Florent a tsaye a bakin hanya kusa da motar haya.

Hira ta mutu. Ta ɗauki takardun 'yan takara biyun ta shiga bayan labule, ta fito, ta bi layi kamar kowa. Firmin yana ta cewa ya jefa, ta jefa, amma idonsa na kan akwatin da ke bakin ƙofa, kuma muryarsa tana raguwa da kowane mutum.

Ta iso gabansa. Aka kira sunanta, Chazal Armelle. Ta ɗora ambulan a bakin akwatin tana jira ya buɗe.

Bai buɗe ba.

"Jirgin yaushe?" ya ce a hankali.

"Na yamma, Baba. Na bar maka abinci a firji. Jar saniyar nan mai ɗingishi a duba ƙafarta."

Mutumin da bai taɓa janye magana a gaban jama'a ba, ko a taron majalisar gari, ya dubi layin mutanen da ya ɗaura wa aure ɗaya bayan ɗaya, ya dawo da ido kan 'yarsa.

"Akwai Asabar a cikin Agusta," ya ce. "Ki zaɓi wadda kike so. Ki mai da kayan nan gida, 'yata."

Wata tsohuwa a layi ta sa hannu a baki. Gaspard ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Ni kuwa zuciyata ta yi tsalle, na ce shi ke nan, Allah ya kawo ƙarshen abin.

Hawaye suka zubo wa Armelle, ba ta share ba.

"Da ranar da Florent ya nemi aurena ka faɗi haka, Baba, da na fi kowa murna a duniya. Yanzu in aka yi a Agusta, duk wanda ke ɗakin nan zai ce makin ne ya ci. Kai ma za ka ce, ko ba ka faɗa ba. Ni ma wata rana in mun yi faɗa zan ce. Ba zan iya zama da wannan ba." Ta haɗiye kuka. "Ranar da ka sa ita ce ranar. Zan dawo a Satumba ka ɗaura mini da kanka, ka yi mini jawabi irin na kowa."

"Daga nan fa?"

"Daga nan in bi mijina."

"Har yaushe?"

"Sai ranar da makinsa ya kai, shi kaɗai, ba da na aure ba."

Firmin ya san abin da wannan ke nufi, ya ji lissafin da kunnensa ranar da aka yi shi da yatsu. Ya tsaya kamar an dasa shi. Na so in tashi in riƙe shi, ƙanena ne, na goya shi, kuma duk taurin kansa tsoron kaɗaici ne ba wani abu ba. Amma rumfar zaɓe ba ta tsayawa don uba da 'ya, mutane na jira.

Ya ja marfin. Ambulan ya faɗa kan 'yan'uwansa.

"Ta jefa," ya ce, da ƙyar na ji shi, ni da nake kusa.

Ta zo gabana ta sa hannu. Ta sumbace ni a kumatu biyu, ta zagaya bayan akwatin ta sumbaci mahaifinta, abin da ba a yi a rumfa, ba kuwa wanda ya ce uffan. Sannan ta ja kayanta ta fita. Muna jin ƙarar tayoyin akwatin a kan tsakuwar filin wasa har ta kai bakin hanya.

Firmin bai bar wurinsa ba har aka rufe rumfa. Da aka zazzage ƙuri'u a kan teburi za a fara ƙirga, Gaspard ya matso kusa da shi zai yi magana, Firmin ya ɗaga masa hannu. Ya miƙa wa mataimakinsa makullin akwatin, ya ɗauki hularsa. Wani ya ce masa ai ba a taɓa ƙirga babu shi ba, ya tsaya ya ji wa ya ci a garinsa.

Ya ce lokacin tatsa ya wuce, shanu na jira, kuma babu kowa a gida.